Robert Barany: Likitan da ya auna jiri da ruwa a sirinji, aka ba shi Nobel yana fursunan yaƙi

A watan Oktoban 1915 aka sanar daga birnin Stockholm cewa lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci ta shekarar 1914, wadda aka jinkirta bayarwa, ta faɗa hannun wani likitan kunne ɗan ƙasar Austiriya mai suna Robert Barany. Sanarwar ba ta iske shi a gida ba, ba ta kuma iske shi a asibitinsa ba. Yana tsare a sansanin fursunonin yaƙi na Rasha a garin Merv, can cikin ƙasar da ake kira Turkmenistan a yau, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, amma bai fasa duba marasa lafiya ba, fursunoni 'yan uwansa da Rashawan da ke tsare da su.

Kayan aikin da suka kai shi ga wannan daraja ba su taka kara sun karya ba: ruwa, sirinjin wanke kunne da ma'aunin zafi. Da su ya nuna wa likitocin duniya yadda za su gane ko jirin da ke kayar da mutum daga kunnensa yake tasowa, kuma idan daga kunnen ne, na dama ne ko na hagu. Kafin zuwansa, jiri koke ne da majiyyaci ke faɗa da baki, likita ya gaskata ko ya yi shakka. Barany ya mayar da shi abin da ake gani da ido, a auna, a rubuta a takarda. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, gwajin nasa na nan a manyan asibitocin duniya, amma manomin da ɗaki ke juya masa a Ruwan Godiya ta Ƙaramar Hukumar Faskari sai ya yi doguwar tafiya kafin ya isa inda aka san da shi.

Ma'aunin da ke cikin kunne

Yawancin mutane sun ɗauka aikin kunne bai wuce ji ba. Amma can bayan dodon kunne, a cikin ƙashi mafi tauri a ƙoƙon kai, akwai ɗakuna biyu. Ɗaya ya naɗe kamar katantanwa, shi ne na ji. Ɗayan kuwa siraran bututu ne guda uku, kowanne ya lanƙwashe kamar rabin zobe, kowanne ya fuskanci kusurwa dabam, dukkansu cike da ruwa. Idan mutum ya juya kansa, ruwan kan ɗan yi nawa wajen bin ƙashin, sai ya tura wasu ƙananan gashi da ke gindin bututun, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta jijiya cewa kai ya juya, ga inda ya nufa, ga saurinsa. Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyin alli ƙanana ƙwarai, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa.

Ƙwaƙwalwa na ɗaukar saƙon kunnen dama da na hagu, ta gwama su da abin da ido ke gani da abin da ƙafa ke ji. Muddin bakinsu ya zo ɗaya, mutum na tsaye daram. Ranar da kunne ɗaya ya yi shiru ko ya aika saƙon ƙarya, sai duniya ta kama juyawa, zuciya ta tashi, amai ya biyo baya. Yaran da ke wasan hajijiya har su zube ƙasa wannan ruwan suke wujijjigawa: su sun tsaya, shi bai tsaya ba.

An daɗe kafin a gane haka. A shekarun 1820 wani masani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya yanke bututun a kunnen tantabaru, sai ya ga jinsu bai tafi ba, amma sun kasa riƙe kansu, suna ta tangaɗi. A 1861 Prosper Meniere, likitan makarantar kurame ta birnin Paris, ya kawo hujja cewa wani nau'in jiri mai zuwa da ƙara a kunne da raguwar ji daga kunne yake fitowa, a zamanin da likitoci ke ɗora shi kan taruwar jini a ƙwaƙwalwa. Tsakanin 1873 da 1874 mutum uku, Ernst Mach a Prague, Josef Breuer a Biyana da Alexander Crum Brown a Edinburgh, kowa a nasa wurin, suka bayyana yadda motsin ruwan bututun ke zama saƙo. Ilimi ya taru, sai dai galibinsa a jikin tantabaru da zomaye aka samo shi. Ba a fasa kan mutum mai rai don a leƙa. Likitan da majiyyaci ya zo masa yana layi ba shi da wata hanya ta gwada kunne ɗaya shi kaɗai. Wannan giɓin ne Barany ya cike.

Yaron da gwiwarsa ta sage

An haifi Robert Barany ranar 22 ga Afrilun 1876 a Biyana, babban birnin daular Austiriya da Hungari, a gidan Yahudawa masu tushe a Hungari. Shi ne babba cikin 'ya'ya shida. Mahaifiyarsa, Maria Hock, 'yar wani masani ce daga Prague, kuma a wajenta ya tsotsi son karatu. Yana ƙarami cutar tibi ta kama masa ƙashi, ta bar shi da gwiwa ɗaya a sage har ƙarshen rayuwarsa. Masu rubuta tarihinsa na ganin wannan doguwar jinya ce ta fara karkata zuciyarsa ga aikin likita. Ƙafar ba ta hana shi wasan tanis da yawo a kan duwatsu ba, a aji kuwa kullum yana sahun gaba.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Biyana a 1900. Daga nan ya tafi Jamus, ya yi shekara guda a Frankfurt yana koyon cututtukan cikin jiki a wajen Carl von Noorden, sannan ya zauna a asibitin Emil Kraepelin, shahararren masanin taɓin hankali, inda sha'awar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta shige shi. Da ya koma gida ya koyi tiyata a hannun Carl Gussenbauer. A 1903 ya samu gurbi a asibitin kunne na jami'ar, ƙarƙashin Adam Politzer, mutumin da ake wa kallon uban ilimin cutar kunne na zamani, wanda likitoci daga Turai da Amurka ke tururuwa zuwa ɗaukar karatu a gabansa.

A lokacin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin. Ciwon kunne mai zubar da mugunya na iya cin ƙashi, ya kai ga ƙwaƙwalwa, ya yi kisa. Babban aikin ƙaramin likita a irin wannan asibiti shi ne wanke kunnuwa, ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba wanda ke sa ran wani abin kirki zai fito daga cikinsa.

Ranar da ruwa ya yi zafi da yawa

Majiyyata da dama kan yi kukan jiri idan ana ɗura musu ruwa a kunne. Kowa a asibitin ya saba jin wannan kuka, wasu likitoci tun kafin Barany sun ma rubuta shi, aka bar shi a matsayin ɗaya daga cikin ƙananan wahalhalun jinya. Shi kuwa ya lura da idanun majiyyatan. Duk lokacin da jirin ya zo, ƙwayar ido kan yi wata irin rawa: ta zame a hankali zuwa gefe ɗaya, ta fizgo da sauri zuwa ɗaya gefen, ta yi ta maimaitawa. Likitoci na kiran wannan rawa nistagmus. Ya riƙa rubuta ɓangaren da idon ke fizga a kowane majiyyaci, har ya ga akwai wata ƙa'ida a ciki, amma dalilinta ya ɓace masa.

Kamar yadda ya bayar da labari daga baya a laccarsa ta Nobel, wani majiyyaci ne ya warware masa. Mutumin ya shaida masa cewa idan ya wanke kunnensa a gida da ruwa mai ɗumi ba ya jin komai, jirin sai in ruwan ya yi sanyi. Barany ya umarci ma'aikaciyar jinya ta ƙara ɗumin ruwan. Ta ce ai ɗuminsa ya isa, shi kuma ya nace cewa tunda mai kunnen ya ce da sanyi, a bi maganarsa. Karo na gaba sai ta kawo ruwa mai zafi sosai. Ana ɗurawa mutumin ya yi ƙara cewa ruwan ya yi zafi, kuma jirin ya dawo. Barany ya dubi idanunsa, ya ga suna rawa kamar da, sai dai fizgar ta koma kishiyar ɓangaren da take zuwa da ruwan sanyi. Nan take ya gane cewa zafi ko sanyin ruwan ne ke yin aikin. Ya gwada da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na jikin mutum, bai ga rawar ido ba, babu kuma jiri.

Bayanin da ya bayar duk wadda ta taɓa ɗora tukunya a murhu ta san shi. Ruwan da ya yi zafi yana tasowa sama, wanda ya yi sanyi yana sauka ƙasa. Barany ya ce abin ya tuna masa da tukunyar ɗuma ruwan wanka ta gidansu, wadda samanta ke ƙona hannu alhali ƙasanta da sanyi. Ɗaya daga cikin bututu ukun nan yana kusa da ramin kunne. Ruwan sanyi na sa ruwan cikinsa ya gangara, na zafi na sa ya hau, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka kai ne ke juyawa, sai ta motsa ido don ya bi juyin da babu shi. Bai tsaya nan ba. Ya ce idan bayanin gaskiya ne, to juya kan majiyyaci ta yadda saman bututun zai koma ƙasa ya kamata ya sauya ɓangaren fizgar. Ya gwada, haka kuwa aka yi.

Amfanin abin a asibiti ya fito fili. Lafiyayyen kunne dole ya amsa idan an sa masa ruwan sanyi ko na zafi. Kunnen da ciwo ya cinye ɗakinsa na ciki, ko wanda ƙari ya danne jijiyarsa, ba zai amsa ba, ko ya amsa da rauni. A karon farko likita ya samu damar tambayar kunnen dama shi kaɗai, sannan ya tambayi na hagu, ya kwatanta. Majiyyaci kuma ba ya iya ƙirƙirar rawar idon, ba ya iya hana ta yadda ya ga dama. Barany ya wallafa sakamakon a 1906, ya biyo shi da littafi a 1907.

Shekarun da suka biyo baya ya yi ta ƙara kayan gwaji. Ya tsara yadda za a yi amfani da kujera mai juyawa, a wujijjiga mutum a tsayar da shi a auna tsawon rawar idonsa. Har yau ana kiranta kujerar Barany, kuma makarantun koyon tuƙin jirgin sama na zaunar da ɗalibai a kanta don su ji da jikinsu yadda kunne ke yaudarar matuƙi a cikin gajimare ko duhu. Ya ƙirƙiro wani ɗan akwati mai ƙara da ake toshe lafiyayyen kunne da shi yayin gwada jin ɗayan. Wajen 1910 ya fito da gwajin nuni da yatsa: majiyyaci ya miƙa hannu ya taɓa yatsan likita, ya rufe ido ya sake gwadawa. Mai matsala a kunnen ciki ko a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya sai hannunsa ya riƙa kaucewa gefe. A 1909 ya zama malami a jami'ar, a shekarar kuma ya auri Ida Felicitas Berger. A 1912 aka ba shi lambar yabo ta Politzer a taron likitocin kunne na duniya da aka yi a Boston ta Amurka.

Daga ɗakin tiyata zuwa taragon shanu

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, gwiwarsa ta isa ta zame masa uzuri. Duk da haka ya miƙa kansa a matsayin likitan tiyata, aka tura shi sansanin Przemysl, wani gari mai ganuwa da ke ƙasar Poland a yau. Yana so ya taimaka, yana kuma so ya ga abin da raunin harsashi a kai zai koya masa game da ƙwaƙwalwa. Al'adar likitocin soja a lokacin ita ce a bar raunin a buɗe don mugunya ta riƙa fita, kuma da yawa daga cikin masu irin wannan rauni ruɓewar ciwon ke kashe su. Barany ya ɗauki wata hanya: a tsabtace sabon rauni sosai, a cire tarkacen ƙashi da datti, a ɗinke shi nan take. Sakamakon da ya samu ya fi na da, kuma hanyar ta samu karɓuwa daga baya.

Sojojin Rasha sun yi wa garin ƙawanya wata da watanni har yunwa ta ci ƙarfin na ciki. Ranar 22 ga Maris 1915 sansanin ya miƙa wuya, aka kama mutum sama da 100,000. Barany na cikinsu. A taragon jirgin ƙasa na ɗaukar dabbobi aka kwashe su zuwa Merv. A can ne labarin Nobel ya riske shi. Shi ne likitan kunne na farko da ya samu lambar, kuma ɗan Austiriya na farko da ya same ta a fannin likitanci. Sai da Yarima Carl na Suwidin ya sa baki da sunan ƙungiyar agaji ta Red Cross kafin Rasha ta sake shi a 1916. A watan Satumban shekarar ya gabatar da laccarsa a Stockholm.

Gida ya juya masa baya

Wanda ya dawo daga bauta da lambar yabo mafi girma a duniya zai sa ran gida ya tarbe shi da hannu biyu. Abin da ya tarar a Biyana tuhuma ce. Wasu abokan aikinsa na asibitin kunne, ciki har da Gustav Alexander da Heinrich Neumann, sun zarge shi da cewa ya ɗauki aikin da aka yi tare ya mayar nasa, bai kuma ambaci waɗanda suka riga shi lura da tasirin ruwan sanyi yadda ya kamata ba. Maganar ta kai gaban hukumomin jami'a, aka hana shi muƙamin farfesa. Kwamitin Nobel a Stockholm ya bi diddigin zargin ya ce bai ga tushensa ba, manyan likitocin kunne na Suwidin kuma suka wallafa takarda suna kare shi.

Masu tarihin likitanci sun sake buɗe wannan shari'a sau da dama. Cikinsu akwai Robert Baloh, masanin jijiyoyi a Jami'ar California da ke Los Angeles, wanda ya rubuta maƙala a kanta a 2002. Abin da ke fitowa daga irin wannan bita shi ne rigimar ba ta rabu gida biyu tsaf, mai gaskiya da maƙaryaci ba. Gaskiya ne wasu sun riga Barany ganin jirin ruwan sanyi. Gaskiya ne kuma a asibiti ɗaya suke aiki, kan majiyyata ɗaya, kuma shi mutum ne mai wuyar sha'ani da bai cika yalwata yabo ga wasu a rubutunsa ba. Amma gane dalilin abin, da gwada bayanin, da mayar da shi ma'aunin da kowane likita zai iya maimaitawa, wannan aikinsa ne. Akwai masu ganin ƙyamar Yahudawa da ta yi katutu a Biyana ta taka rawa wajen hana shi muƙami, sai dai ba ta isa ta bayyana komai ba, domin Neumann shi ma Bayahude ne. Hassada da rigimar wa ya riga wa sun ishi jami'a ta kori ɗanta.

A 1917 ya tattara iyalinsa ya koma Uppsala ta Suwidin, inda aka ba shi shugabancin sashen kunne na jami'ar garin, wuri ƙarami idan aka kwatanta da wanda ya baro. Ya zama cikakken farfesa a 1926. A can ne, a 1921, ya rubuta labarin wata mata 'yar shekara 27 da jiri ke kamawa na ɗan gajeren lokaci duk sa'ad da ta kwanta ta gefen dama, idanunta su yi rawa, abin ya lafa, in ta sake kwanciya nan take kuma ya ragu. Ya danganta shi da jakunkunan nan masu ƙwayoyin alli. Wannan na cikin bayanan farko na nau'in jirin da aka gano daga baya cewa ya fi kowanne yawa cikin masu tasowa daga kunne.

Abin da ya gani a yaƙi ya mayar da shi mai fafutukar zaman lafiya tsakanin ƙasashe. A shekarunsa na ƙarshe hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka raunana shi, ya yi fama da ciwo mai tsanani. Ya rasu a Uppsala ranar 8 ga Afrilun 1936, saura mako biyu ya cika shekara 60, ana cikin shirin taron masana na duniya don karrama shi. 'Ya'yansa uku duk likitoci suka zama, babbansu, Ernst, ya zama farfesan ilimin magunguna a Uppsala. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1938, 'yan Nazi suka haɗe Austiriya da Jamus, aka kori malamai 153 cikin 197 na tsangayar likitanci ta Biyana, galibinsu saboda asalinsu. Neumann na cikin waɗanda aka kama, ya rasu yana gudun hijira a New York a 1939. Korar da ta baƙanta wa Barany rai ita ta nisanta iyalinsa daga wannan bala'i.

Abin da aka gina a kan aikinsa

A 1942 likitoci biyu a Landan, Gerald Fitzgerald da Charles Hallpike, suka daidaita gwajin ruwan: a kwantar da mutum rigingine a ɗan ɗaga kansa, a ɗura ruwa mai digiri 30 sannan mai digiri 44, wato bakwai ƙasa da bakwai sama da zafin jiki, a kowane kunne. Yau kyamara da kwamfuta ke auna rawar idon, amma tushen bai sauya ba. A ɗakunan kulawa ta musamman, ɗura ruwa mai ƙanƙara a kunne na cikin gwaje-gwajen da ake tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa da su. Shi kansa bayanin Barany bai tsira daga gyara ba. A 1983 aka yi gwajin a kan 'yan sama-jannati a ɗakin bincike na Spacelab, inda babu nauyin da zai sa ruwan zafi ya hau na sanyi ya sauka, amma idanunsu suka yi rawa. Wannan ya nuna zafin na taɓa sassan kunnen ta wata hanya ƙari a kan wadda ya bayyana. Gwajin bai rasa amfaninsa ba.

Jirin kwanciya da ya bayyana a 1921 shi ma ya samu magani. A 1952 Margaret Dix da Hallpike suka fito da gwajinsa: a juya kan majiyyaci gefe, a kwantar da shi da sauri, a dubi idonsa. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin allin ne ke ɓallewa su faɗa cikin ɗaya daga cikin bututun. A 1992 wani likita a Amurka, John Epley, wanda shi ma abokan aikinsa suka daɗe suna yi wa dariya, ya wallafa hanyar mayar da su mazauninsu ta juya kai da jiki daki-daki, aikin 'yan mintuna, babu allura babu ƙwaya. A 2009 wasu masana a Amurka suka nuna cewa gwaje-gwajen ido guda uku a bakin gado, a hannun wanda ya ƙware, na iya bambanta jirin kunne da na shanyewar ɓarin jiki fiye da hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI idan an ɗauke shi a kwana biyun farko. Ƙungiyar masana jiri ta duniya, wadda aka kafa a 1960, sunan Barany take ɗauke da shi.

Tsakanin Biyana da Ruwan Godiya

A ƙasar Hausa idan mutum ya ce yana jin jiri, amsar da ya fi samu ita ce ƙarancin jini, ko yunwa, ko hawan jini, ko maleriya da taifot, wani lokaci a ce iska ce. Wasu daga cikin waɗannan kan sa mutum ya ga duhu-duhu ko ya ji kamar zai suma. Amma jirin da ɗaki ke juyawa a cikinsa wani abu ne dabam, kuma abubuwan da ke kawo shi ba baƙi ba ne a Arewa. Sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, yana lalata kunnen ciki a wasu daga cikin waɗanda suka tsira. Allurar jentamaisin da ta sitireftomaisin na iya kashe ma'aunin kunne idan aka zarce ƙima ko aka yi wa mai ciwon ƙoda. Bugu a kai, ko na haɗarin babur ko na gindin bindiga, na iya ɓalle ƙwayoyin allin, kuma mutanen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, waɗanda suka shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, ba sa buƙatar a ba su labarin irin wannan bugu. Ga kuma ciwon kunne mai mugunya da ake bari ya daɗe a kunnen yara.

Jiri na raba manomi da hawa rumbu, ya raba ɗan acaba da babur, ya sa bakin rijiya da gefen murhu su zama haɗari ga mace. Wanda nasa alamar shanyewar ɓarin jiki ce kuma, idan aka sallame shi da maganin ƙarin jini, ana iya rasa shi.

Ƙwararrun kunne suna manyan asibitoci: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Daga ƙauyukan kudancin Katsina kowanne tafiya ce mai cin kuɗi, a hanyoyin da ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. Gwajin ruwan kansa aikin asibiti ne, ba a yin sa a gida, ba a kuma yin sa sai an duba an tabbatar dodon kunne bai huje ba. Amma gwajin Dix da Hallpike da juyin Epley benci kawai suke buƙata da ma'aikacin da aka koya wa. Babu na'urar da za a shigo da ita daga waje, babu kwangilar da za a bayar, wataƙila shi ya sa ba a jin su a bakin masu yanke kasafi.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kai wa wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Mai neman bin diddigin waɗannan kuɗaɗe na da tambayoyin da zai iya kai wa wakilinsa a majalisa: nawa ne ke tafiya ga horar da ma'aikata, ko makarantu irin ta koyon aikin lafiya da ke Kankiya na koya wa ɗalibansu duba idon mai jiri, kuma wa ke sa ido kan allurar da ake yi wa mutane a shagunan magani.

Barany bai ambaci sunan majiyyacin da ya ce ruwan ya yi sanyi ba a laccarsa ta Nobel. Abin da ya ambata shi ne gardamar da aka yi a kan maganar mutumin, da hukuncin da ya yanke cewa a bi ta.